Irin da Aka Ce Baffa Ya Ci

Ranar da aka kai Baffa makwancinsa, ba mutuwar ce ta fi ƙona mini rai ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, kuma Baffa ya tsufa, ya sha jinya har mu da ke kansa muka shiga roƙa masa sauƙi ko ta wane hali. Bakin masu gaisuwa ne ya ƙona mini rai.

Ina zaune cikin gida a nan Kurawa, mata na shigowa ƙungiya-ƙungiya, sai ga wata tsohuwa daga Tozai an riƙo ta. Ta zauna, ta gama "ya haƙuri", sannan ta karkata wajen ta kusa da ita ta ce, "Wai wa yar rasu?" Aka ce mata, "Mai-inji na." Sai ta ce, "Af! Wanda yac ci muna iri? To, Allah shi yahe mai." Mata suka amsa da amin lafiya lau, kamar wata addu'ar kirki aka yi. Kwanon ruwa ne a hannuna. Wallahi ba don furfurarta ba, da ranar an ga rashin kunyata.

Da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida. Ofishin da Baffa ya ƙarar da ƙarfinsa a ciki ne ya turo wani matashi mai baƙin tabarau. Ya tsaya ya ce marigayi ma'aikaci ne mai biyayya, mai buga takardu wanda ba a taɓa kama shi da makara ba. Mai buga takardu! Ko ruwa bai sha ba ya koma motarsa. Mutum guda ne ya zo da magana ta gaskiya, wani dattijon Bafillace da ya tako da ƙafa daga rugarsu. Ya ce wa maza a zaure, "Rijiyar da shanunmu ka sha, wanga bawan Allah yas sa anka gina ta." Ba wanda ya san zancen.

Baba kuwa, mahaifina, wan marigayin uwa ɗaya uba ɗaya, yana zaune a kan buzunsa yana karɓar gaisuwa, idonsa a bushe. Ɗana da ya je maƙabarta ya gaya mini cewa da liman ya roƙi jama'a su yafe wa mamaci, kowa ya ce ya yafe, amma shi yana tsaye daf da kakansa, kuma leɓen tsohon bai motsa ba. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ba za ni bari a rufe Baffa da sunan wanda ya ci iri ba, kuma ina so in san ko Baba zai sauke abin da ya ɗora wa ƙanensa kafin shi ma a kira shi.

Baffa shi kaɗai aka kai boko a gidanmu, kuma ba don gata ba. An ce kowane gida ya ba da yaro, kakanmu ya duba ya miƙa wanda hauya ta fi ƙarfinsa. A Isa ya fara karatu, can lissafi ya kama shi, ya yi ta jansa gari bayan gari har ya kai shi wata cibiyar bincike a birni. Aikinsa, kamar yadda ya fahimtar da ni, ga shi: masu bincike su tattaro bayanai, ruwan da aka yi kowace shekara, amfanin da aka girbe, yawan mutane da dabbobi, shi kuma ya zauna ya rubuta wa kwamfuta umarni, layi bayan layi, yadda za ta tace su ta fitar da amsa. Amsar ce ake kai wa manyan gwamnati su yanke shawara a kanta. A zamaninsa kwamfuta ɗaki guda ce cur, da kati masu huji ake yi mata magana. Idan ya zo hutu yakan zo da tsofaffin katin a jaka, Goggo, ƙanwarsu, ta kwashe ta hura wuta da su, tana cewa sun fi kara saurin kamawa. Daga nan aka sa masa Mai-inji.

Mutum ne da ba ya iya ba ka amsa tsirara. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa gobe, sai ya ɗaga kai ya daɗe, ya ce, "Ga alama za a yi, amma..." Lokacin da suke wasa da juna, Baba kan ce masa, "Kai ko sunanka anka tambaye ka sai ka ce amma." Su yi ta dariya suna cin tuwo a akushi guda. Yana da wani gwangwani da yake ɗorawa a kan katanga, duk aka ɗauke ruwa sai ya fito ya tsoma tsinke ya auna. Mu yara mun sha sace gwangwanin mu yi wasan girki da shi, bai taɓa ɗaga mana murya ba, sai dai ya nemo wani.

A wurin aiki kuwa ba su taɓa sanin inda za su ajiye shi ba. Ba malamin bincike ba ne, don ba shi da takardar da ake kiran mutum dakta da ita. Ba jami'in mulki ba ne, don ba ya sa hannu a komai. Rahoto ya fito da sunayen manya a bango, nasa kuwa in an tuna, a saka shi can ƙarshe cikin godiya, tare da direbobi. Da aka ɗauke shi daga cibiyar zuwa wani ofishin tsare-tsare na gwamnati, mu a gida muka yi ta murna wai ya zama babba. Ashe kusa da wuta aka matsar da shi.

Sai shekarun fari suka zo. Lokacin ina budurwa. Damina ta yi ta zuwa a gurguje, rufewar hatsinmu ta yi ta komawa fanko, Fulanin da muke musayar hatsi da nono da su suka fara kora shanu kudu. Amma duk tsananin, akwai abin da ba a taɓawa a gidanmu: iri. Muna da gero namu na gado, gajere mai saurin nuna, wanda kakannin kakanni suka riƙe. Kowace kaka Baba da kansa ke zaɓen zangarniyar da ta fi cika ya ɗaure, ya rataye. Kuma kashi uku ake raba shi. Na farko a shuka da ruwan farko, na biyu a ajiye don maimai idan shukar ta ƙone, na ukun kuwa ba a ko kallonsa, na shekarar da komai ya ƙi ne. Haka kowane gida mai hankali yake yi daga Kurawa har Kamarawa, ba a makaranta aka koya ba.

A shekarar da nake zance, rediyo ta shiga shela tun kafin hadari ya taso. Wai masana sun yi lissafi da na'ura: daminar bana gajera ce, za ta zo da wuri ta tafi da wuri, saboda haka da an yi ruwan farko mai ƙarfi kowa ya shuka duk abin da yake da shi, kada a rage, don shukar baya ba za ta nuna ba. Safe da yamma ake maimaitawa. A wani gari da an ji an watsar, kamar yadda aka saba yi wa maganar gwamnati. Amma nan kowa ya san wanda ke magana da na'urar. Ɗan Kurawa ne.

Ruwan ya zo kuwa, mai kyau, ƙasa ta jiƙu har kamu guda. Ina tsaye Baba ya sauko da dammunan iri duka uku. Goggo ta ce, "Yaya, ko dame guda a bari." Baba ya ce, "Ke mi kinka sani? Ƙanena na yay yi lissahin ga. Shi ba shi cuta ta." Ya faɗe ta da alfahari, ƙirji a buɗe. Muka sussuke, muka sheƙe, muka fita. Yana gaba da sungumi yana sara, ni da ƙannena muna biye muna zuba iri muna takewa da ƙafa. Gonar gida, gonar fadama, har gonar nesa da aka daɗe ba a taɓa ba, duka muka cike. Maƙwabta suka ga wan Mai-inji ya juye nasa, su ma suka juye.

Muna dawowa daga gona ta ƙarshe muka iske Baffa a ƙofar gida. Motar kasuwar Sabon Birni ce ta sauke shi, ko jaka babu a hannunsa, hularsa a karkace. Bai gama gaisuwa ba ya ce, "Yaya, kun rage?" Baba ya yi dariya ya ce, "Mu rage mi? Yadda kac ce hakanan munka yi." Baffa ya zauna a ƙasa, a kan turɓaya, da fararen kayansa. Washegari ya koma.

Shuka ta fito shar, abin sha'awa. Sannan sama ta rufe bakinta. Muka zuba ido tsiron nan ya yi yaushi, ya kwanta, ya zama kamar ba a taɓa shuka ba. Da ruwa ya dawo daga baya, ya dawo da ƙarfinsa, ƙasa ta jiƙu tana jira, mu kuwa babu ko ƙwaya. Waɗanda ba su da rediyo, da masu taurin kan da suka ɓoye dame guda, su suka yi maimai suka sami abin kai wa baki. Mu muka ci dussa, muka ci tafasa, muka jiƙa anza har ɗacinta ya ragu muka dafa. Cikin wannan hali kyanda ta shigo gari. Autarmu, wadda Baba ke goyawa a wuya zuwa kasuwa, ba ta da jikin da za ta yi faɗa da ciwo. Ta tafi kafin kaka.

Da Baffa ya zo ta'aziyya, zaure cike da maza, Baba ya dube shi ya ce, "Tambaya guda za ni yi maka. Kai kac ce, ko ba kai ba?" Mutumin da bai taɓa ba da amsa babu amma ba, ranar ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, lissahin nawa na." Shi ke nan. Tun daga ranar Baba bai ƙara ce masa komai ba sai sallama. Baba mai addini ne, ya san ba a ƙaurace wa ɗan'uwa, don haka in sun haɗu zai yi sallama, in an yi masa zai amsa, ko wasali ba ya ƙarawa a kai. Ni dai ban taɓa ganin sallama mai sanyi irin wannan ba.

Baffa ne ya kai ni kwalejin horar da malamai, a gidansa na birni na zauna. Baba bai ce i ba, bai ce a'a ba. A can, wata rana da la'asar yana gyaran takalminsa, bakina ya ƙi haƙuri na ce, "Baffa, don Allah me ya sa ka ce a shuka duka?" Ya ɗago ya dube ni. Sannan ya gaya mini. Amsar da ya fitar kashi biyu ce. Na farko shi ne abin da aka ji a rediyo: a irin waɗannan shekaru shukar wuri ta fi yawan tsira. Na biyu kuwa ya ce a wasu shekarun ruwa kan yanke bayan zubowar farko, don haka kada manomi ya saki al'adarsa ta rage iri. Da takardar ta kai teburin wani babba, sai ya ja layi a kan kashi na biyu. Wai manomi ba ya gane dogon zance, kuma gwamnati ba ta magana da shakka. Baffa bai sani ba sai da ya ji shelar da kunnensa, ya nemi izinin tafiya gida aka hana shi, ya fita ba izini, ya iske mun gama.

Na miƙe tsaye. Na ce, "To ai sai ka faɗi! Za ni gaya wa Baba da bakina." Ya ce, "Ba za ki faɗi ba. Ba a gyara ma babba magana gaban jama'a. Kuma da ban yi lissahin ba, da ba su samu abin yankewa ba." Na ce wannan ba adalci ba ne. Ya ce, "Miƙo mini allurar can." Haushinsa ya cika ni ranar, kuma har yau da sauransa. Haƙuri irin nasa wani lokaci zalunci ne ga masu son mutum. Na gaya wa Goggo, na gaya wa mata a gidan biki da gidan suna, suka saurara suka ce Allah sarki, gobe kuma suka koma kiransa da sunan da suka saba. Amma Baba ban tunkare shi ba, don Baffa ya hana.

Babban da ya ja layin nan ya ci gaba da hawa. Baffa kuwa daga shekarar ya zama abin da suke kira mai taurin kai. Ba ya sakin amsa sai da gargaɗinta manne a jiki, kuma sai ya bi takarda ofis-ofis ya ga ba a raba su ba. Da aka zo lissafin inda za a gina rijiyoyi, aka ba shi yawan mutanen ƙauyuka kawai, ya ce ba ya taɓa aikin sai an sa makiyaya masu yawo a ciki, don su da dabbobinsu ba su daina jin ƙishi saboda ba su da katanga. Ya yi ta jan zancen har suka gaji suka yarda. Ladan da ya samu shi ne aka mayar da shi kula da ɗakin ajiyar injunan da suka lalace. Ƙananan kwamfutoci suka shigo, yaran da ya koya wa aiki da hannunsa suka zama daraktoci, suna wuce shi a baranda suna ɗaga masa hannu daga nesa. Haka ya yi ritaya, ba walima, ba ko tabarma ta kyauta.

Mun zaci zai zauna a birni. Ina! Kurawa ya dawo, ya gina ɗaki katanga ɗaya da Baba. Ya mayar da gwangwaninsa kan katanga. Sannan ya shiga wani aiki da ba wanda ya sa shi: neman geron gidanmu. Duk ranar kasuwa yana hanya, Isa, Kamarawa, rugage, har ƙetaren iyaka cikin Nijar, yana tambayar tsofaffi ko akwai wanda kakarsa ta fito daga Kurawa da iri a cikin kayan aure. Mutane na yi masa dariya, wai wanda ya ci iri ya fito neman amansa. Wata shekara da kaka ya dawo da zangarniya 'yan kaɗan a naɗe cikin rawani, gajeru masu cika, fuskarsa kamar ta yaron da aka saya wa takalmin salla. Ya shimfiɗa su a gaban buzun Baba, ya durƙusa, tsoho da shi, ya yi sallama. Baba ya amsa. Ya ɗauki guda, ya murza a tafin hannu, ya shinshina, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, ba ga Baffa ba, ga iska, "Ba shi na ba." Ya watsa wa kaji. Ina gani Baffa ya tashi, ya kaɗe gwiwarsa, ya koma ɗakinsa. Daga ranar bai ƙara zuwa kasuwa ba.

Da ciwo ya kwantar da shi, ni na yi jinyarsa. Kullum da safe Baba kan zo bakin ƙofa ya yi sallama, ba ya shigowa. Baffa na jin jan takalminsa sai ya ce in gyara masa hula, in tayar da shi zaune. Ya amsa sallamar da ɗan ƙarfin da ya rage masa, ya zuba wa ƙofa ido. Takalmin ya juya ya tafi. In ce, "Baffa, bari in kira shi ya shigo." Ya ce, "Bar shi, ya zo ai." Har ya cika, abin da ya samu ke nan daga wansa.

Bayan an watse da zaman makoki, gida ya yi shiru, na iske Baba shi kaɗai a zaure da hantsi. Wanda ya hana ni magana ya tafi, ni kuma na gaji da haɗiye ta. Na durƙusa na ce, "Baba, akwai maganar da za ni faɗi, in ka ga dama ka tsine mini bayanta." Na zayyana masa duka: kashi biyun, layin da aka ja, izinin da aka hana. Ina faɗi ina kuka, muryata har waje. Na ce, "Ƙanenka bai ce a juye iri ba. Gudowa ya yi don ya hana ka. An zalunce shi a ofis, an zalunce shi a gari, kai ma ka zalunce shi, kuma ko a bakin kabari ba ka yafe masa ba."

Na zaci zai daka mini tsawa. Bai yi ba. Ya ci gaba da jan casbinsa, can ya ce, "Na sani."

Na ce, "Ka san me?"

Ya ce, "Tun ranar da mota tas sauke shi. Wanda yab ba da umurni ba shi tambayar ko an rage. Na ga huskatai."

Na ce, "To don me, Baba? Duk shekarun nan, don me?"

Casbin ya tsaya a hannunsa. Ya ce, "In ba shi na ba, to ni na. Ubana ya ce mini kashi ukku, ubanai ya ce mai kashi ukku. Ba rediyo tas sauko da damen nan ba, hannun ga na. Ni nik kashe ɗiyata don in nuna ma gari ina da ƙane mai ilimi." Ya dubi hannun nasa. "Kin ce ban yahe mai ba. Mi za ni yahe? Shina riƙe mini kayana na, kuma ya san nawa na, bai taɓa aje su ba. Yanzu ga shi ya tahi ya bar ni da su."

Na zo da wuta a bakina, na tashi ban san inda za ni kai ta ba. Har na kai ƙofa ya kira ni, da wata murya da ban san shi da ita ba, ya ce, "Da safen ga na tai bakin ɗakinai na yi sallama."

Allah ya jiƙan Baffa, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi can abin da aka hana shi a nan. Wanda aka bari a zaure, shi ma Allah ya ji ƙansa.